Tsintaccen kare da nauyin amana

Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Manufar karin maganar ita ce, duk abin da aka tarar yashe a hanya akwai dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi, kuma ko ba daɗe ko ba jima dalilin zai bayyana ga wanda ya tsinta. Ko da yake da mage aka yi maganar, kare ta fi kamawa, domin shi aka fi yasarwa, shi kuma aka fi tsinta. A ƙauyukan Yekuwa, cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram, da na maƙwabciyarta Dungas, ba baƙon abu ba ne yara su dawo daga kiwo ko daga lakwal rungume da ɗan kwikwiyon da suka samu a gindin gawo, ko a filin kasuwa bayan ta watse. Wani sa'i uwarsa ce ta mutu. Wani sa'i kuwa masu karya ne suka ga ta haifi shida ko bakwai, suka zaɓi ɗaya suka watsar da saura. Maigida yakan yi ɗan gunaguni, daga bisani ya ƙyale, tun da gona da garken awaki na bukatar mai gadi.

Kwana uku ko huɗu, sai murna ta fara komawa ciki. Kwikwiyo ya ƙi cin tuwo, ciki ya kumbura kamar tulu alhali haƙarƙari na waje, gashi na zuba, kunnuwa cike da kaska, ga zawo mai ɗoyi. A nan ake jin hukuncin da aka saba ji: "Maza ku mai da shi inda kuka ɗauko shi." Galibin masu yanke wannan hukunci ba azzalumai ba ne, magidanta ne masu lissafin damman geron da suka rage a rumbu. Duk da haka, tambayar da ke ƙarƙashin maganar ta cancanci a zauna a kanta. Wanda ya tsamo dabba daga halaka, ya kawo ta gida, ya ci da ita, shin yana da ikon zare hannunsa ranar da ta zame masa kaya? In ba shi da wannan iko, ina iyakar abin da ya hau kansa, a ƙasar da maganin ɗan Adam ma bai wadata ba?

Abin da tsintacce ke shigowa da shi

Kafin a yi hukunci, wajibi ne a san abin da ake hukunci a kansa. Kumburin ciki tare da rama yawanci tsutsar ciki ce. Akwai irinta da kwikwiyo ke ɗauka tun yana cikin uwarsa ko ta nononta. Ƙwayayenta na fita cikin kashinsa, su daɗe a ƙasa wata da watanni, a daidai inda yara masu rarrafe ke wasa suna kai hannu baki. Zubar gashi da susa ba dare ba rana ƙazwar karnuka ce, wadda wani ƙanƙanin ƙwaro da ido ba ya gani ke haddasawa yana huda fata, kuma takan sa wa mai yawan rungumar karen ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Kaska na shan jini, tana kuma sa wa kare cututtuka masu kawo zazzaɓi da ƙarancin jini. Amai da zawo mai jini a jikin ɗan kwikwiyo sau da yawa aikin wata ƙwayar cuta ne da likitocin dabbobi ke kira farbo, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Ba ta kama mutum, amma tana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki saboda ƙarewar ruwan jiki.

In aka ware farbo, wadda jinyarta ke da wuya, sauran duka na warkewa da magani mai sauƙin kuɗi a hannun malamin dabbobi. Abin da ya fi kashe tsintaccen kwikwiyo sau da dama shi ne maganin da aka ƙaga masa a gida: baƙin man inji da ake shafa wa ƙazwa, maganin ƙwarin gona da ake yi masa wanka da shi, ko ƙwayoyin mutane da aka saya a kan tebur. Hatta abinci sai da lura, domin dabbar da ta daɗe da yunwa ba a cika mata akushi rana ɗaya; kaɗan-kaɗan ake ba ta, sau da yawa a yini.

Akwai kuma cutar da ta sha bamban da duk waɗannan, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗaukarta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Sharrinta shi ne ɓuya. Kwikwiyon da mahaukacin kare ya cije shi a daji kan yi makonni, ko watanni, lafiya lau kafin ta bayyana, kuma ba kullum take bayyana da cizo da gudu ba. Wani lokaci kare yakan yi lamo ne, muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, har mai tausayi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakinsa. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi.

A Faransa, inda aka kafa ƙungiyar kula da dabbobi ta SPA tun 1845, wanda ke son ɗaukar yasasshen kare yakan je gidan da aka tanada, ya karɓi dabbar da likita ya riga ya duba. A Yekuwa kuwa, dubawa da killacewa da neman allura duk a kan maigida da iyalinsa suke faɗawa. Shi ya sa tambayar ta fi nauyi a nan.

Abin da aka gada daga zaure

Wasu na ganin addini ya riga ya rufe zancen, tun da kare abin ƙyama ne. Wanda ya zauna a zauren malamai ya san maganar ta fi haka faɗi. A mazhabar Imamu Malik, wadda ƙasar Hausa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai ana ɗaukarsa bin umurni ne na ibada. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana ajiye kare a gida don sha'awa, amma ta halatta shi don gona da kiwo da farauta, wato ainihin ayyukan da manomin Yekuwa ke neman kare dominsu. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, kuma da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya nuna cewa zamani ya sauya har ya wajabta abin da ya fi kare. Kowane almajiri kuma ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ci da ita ba, ba ta sake ta ba.

A lura da bambancin waɗannan hadisai biyu. Mutumin farko matafiyi ne, karen ba nasa ba ne, abin da ya yi alheri ne na ganin dama, aka kuwa ba shi lada mai girma. Matar nan kuwa ta riga ta sa kyanwar ƙarƙashin ikonta, don haka sakacinta ya zama laifi. Fiƙihu ya ginu a kan wannan bambanci. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, na ƙarni na 14, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa ya rabu da ita ta hanyar sayarwa. A babin tsintuwa kuma, wanda ya ɗauki kayan da ya tsinta da niyyar adana su, ya daɗe da su, sa'an nan ya mai da su inda ya gan su suka salwanta, shi ke da alhakin biya. Wanda ya ɗauki yasasshen jariri don ya rene shi ma ba shi da ikon mai da shi inda ya same shi. Ba wanda zai daidaita kare da ɗan Adam, kuma malamai ba su daidaita ba. Amma ƙa'idar da ke ratsa waɗannan hukunce-hukunce ɗaya ce: kafin a ɗauka akwai zaɓi, bayan an ɗauka sai amana.

Mai wucewa da mai ɗauka

Mai hankali zai iya cewa wannan ƙa'ida ta juya adalci. Mutum goma sun wuce kwikwiyon a gindin gawo, ba wanda ya zarge su. Na sha ɗayan ya tsaya, ya ba shi kwana bakwai na inuwa da ƙoshi, sa'an nan ƙarfinsa ya gaza. Yaya za a ce shi ne mai laifi, alhali ya fi su duka yi wa dabbar alheri? Ashe ba a koya wa jama'a su kau da kai ke nan ba?

Hujja ce mai ƙarfi, amma ta manta da abin da kwana bakwan nan suka haifar. Da ɗaukar kwikwiyon, an rufe masa wata ƙofa: wataƙila mutum na sha biyu, mai hali da niyya, da shi ne zai ɗauke shi. An kuma sauya halinsa. Dabbar da ta ɗanɗani hannun mutum ba ta komawa daji ta zauna. Tana dawowa ƙofar gidan da aka kore ta, in aka jefe ta ta koma maƙwabta, ta bi yara bakin rijiya da harabar lakwal tana neman wanda zai shafa ta. Kwikwiyon da a da tsoron mutane ke nisanta shi da su, yanzu ya zama marar lafiya mai son mutane, wanda ba mai lura da shi. Babu haɗarin da ya kai wannan ga ƙauye. Saboda haka mai kora bai mai da al'amari yadda ya same shi ba, ko da ya ajiye kwikwiyon a gindin gawon da aka tsince shi. Ya sauke kayan daga kansa ne ya ɗora wa ƴaƴan wasu.

Akwai kuma abin da aka sauya a cikin gida. Yaron da ya ce, "Baba, a bar mini shi," aka bar masa, ya raɗa masa suna, ya raba masa furarsa, shi ne za a tura ya kai shi bayan gari. Darasin da zai ɗauka a ranar ya fi na allo shiga zuciya: abin da kake so naka ne muddin yana da lafiya. Al'ummar da ke alfahari da riƙon tsofaffi da marayu da naƙasassu bai kamata ta raina irin wannan darasi ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Batun cewa ƙa'idar za ta rage masu tsayawa kuwa, abin da take hanawa shi ne ɗauka ba tare da tunani ba. Wanda ya san ba zai iya ba, yana da hanyar matafiyin nan na hadisi: ya ba da ruwa, ya ajiye ɗan abinci, ya sanar da mafarauci ko makiyayin da ke neman kare, ya wuce da ladansa.

Hujjar talauci

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta rumbu. Ƙasar Magarya na cikin yankunan Nijar da mutane suka fi yawa, kuma ta san abin da ake kira tamowa. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta fara aiki a can, kuma a Satumbar 2018 ta yi shelar cewa a sashen yara na asibitin Magarya ana rasa kimanin yara 10 kowace rana, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A irin wannan ƙasa, in magidanci ya ce ba zai kashe jika guda a kan kare ba alhali ɗansa na kwance, ba wanda ya isa ya ɗaga masa murya. Ran ɗan Adam na gaba, kuma duk tausayin da ya manta da haka ya ɓace hanya.

Sai dai wannan hujja tana ɗauka cewa kare da yaro suna kan sikeli biyu ne, abin da aka ƙara wa ɗaya an rage wa ɗayan. Abin da aka bayyana a baya ya nuna akasin haka. Tsutsar da ba a kashe a cikin kwikwiyo ba, a tsakar gida take ƙarewa. Allurar da ba a yi wa kare ba, yaro ne ke biyan bashinta, kuma da tsada: Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kuɗin da jinyar rigakafi bayan cizo ke ci, haɗe da sufuri da asarar aiki, a kan dalar Amurka 108, abin da ya ninka kuɗin allurar kare sau da dama. Ga mutumin ƙauye kuma akwai wahalar tafiya neman allurar da ba kowane gidan likita ke ajiyewa ba. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na yankewa. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, aka wuce wannan adadi, cutar ta ɗauke wata da watanni, har sai da karnuka daga wajen birnin suka sake shigo da ita. Darasin ya shafi Yekuwa kai tsaye, ƙasar da ke dab da iyakar Najeriya, inda mutane da dabbobi ke kai da komo ba dare ba rana, kuma kare ba ya nuna takarda a bakin iyaka. Wanda ya kai tsintaccen kwikwiyo wurin ma'aikatan kiwo, ƴaƴansa ya yi wa shinge.

Amana kuma ba ta neman abin da ya fi ƙarfin mutum. Igiya da inuwa, kaskon ruwa nasa shi kaɗai, ragowar tuwo, binne kashinsa, hana ƙananan yara wasa da shi har sai malamin dabbobi ya gan shi, wanke hannu bayan an taɓa shi: babu ɗaya cikin waɗannan da ke taɓa rumbu. In nauyin ya gagara duk da haka, mafita ita ce a miƙa shi hannu da hannu ga wanda zai riƙe shi, a kuma faɗa masa gaskiyar ciwon. Ɓoye aibi a kyauta ha'inci ne kamar ɓoye shi a ciniki.

Inda amana ke tsayawa

Riƙon amana ba ya nufin raya dabba ko ta halin ƙaƙa. In tsintaccen kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, farillar farko ta mutumin ce: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi gidan likita a ranar, ba tare da jiran ganin alama ba. Shi kuwa karen a ɗaure shi inda ba mai isa gare shi, a sanar da ma'aikatan kiwo, a lura da shi aƙalla kwana 10, domin karen da cutar ta riga ta sauko cikin miyansa ba ya wuce wannan wa'adi ba tare da ta bayyana ba. Kora a irin wannan hali ita ce mafi munin zaɓi, tun da ta ɓatar da shaida, ta kuma saki haɗari. In alamun hauka suka tabbata, kashe shi ya zama wajibi, kuma shari'a ta halatta kashe kare mai cizo ko ga mai harami. Amma addinin da ya halatta kisan shi ne ya yi umurni da kyautatawa a cikinsa. A yi shi da gaggawa, a hannun babba, a binne gawar da zurfi. Tara yara su bi dabba da jifa har ta mutu ba ya cikin tsaron lafiya, koyon rashin imani ne.

Ke nan mai riƙon amana zai iya kaiwa ga yanke hukunci mai ɗaci, ya kuma fita da hannunsa tsarkakke. Abin da ba zai iya ba shi ne ya juya baya ya ce ba ruwansa.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Yara ne ke tsinto kwikwiyo, su ake cizo, su ne kuma ke ɓoye cizon don tsoron faɗa. Don haka lakwal da makarantar allo su ne wuraren da wannan magana ta fi amfani. Tun 2007 aka keɓe 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi da ya ceci yaron nan Joseph Meister da allurarsa a 1885. A 2018 kuma manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka fitar da shirin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare kafin 2030. Irin wannan buri a birane ake rubuta shi, amma a ƙauye yake cika ko ya faɗi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa cewa ba a ɓoye cizo, kuma ba a ɗauko dabba sai da yardar wanda zai ɗauki nauyinta, ya yi aikin likita. Ƙungiyar da ta haɗa kan masu karnukan gari, ta bi ta hannun maigari ta nemi ma'aikatan kiwo su zo rana ɗaya su yi wa karnuka allura, kamar yadda ake tara shanu da awaki, ta sauƙaƙa wa kowane gida abin da shi kaɗai ba zai iya ba.

Karin maganar tsintacciyar mage gargaɗi ce ga mai kwaɗayin banza, kuma gaskiya ta faɗa: tsintacce na zuwa da aibinsa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda za a yi bayan aibin ya bayyana. A nan ake gane wanda tausayinsa na ganin ido ne da wanda nasa ya kai ga ɗaukar ɗawainiya. An ce ba a kiwon kare ranar farauta. Haka kuma ranar da ya kwanta ciwo ba ita ce ranar fara tunanin ko ya cancanci a ɗauko shi ba. Wannan tunani a gindin gawo ake yin sa, kafin a miƙa hannu.